Muhawara: Me ɗalibinmu zai koyo a ƙasar waje game da riƙon tsofaffi?

Auwal Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidanmu, na ce bari in kawo ta nan. Ƙanwata Rukayya ta karanta aikin jinya, yanzu tana Holan tana ƙaro karatu a fannin tsufa da kula da tsofaffi. Tun kafin ta tafi Baffanmu yake cewa asarar kuɗin jirgi ce. Hujjarsa ita ce, mutanen da idan uwa ta tsufa sai su kai ta gidan gajiyayyu, su ne za su koya mana riƙon iyaye? Da likitanci ne ko injiniyanci, sai a ce to. Ni dai ina tsaka-tsaki. Gidanmu yau akwai kaka, akwai 'ya'ya da jikoki har da tattaɓa-kunne, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Me ya rage da za a tsallaka teku a koyo? Na saka ta a zauren, ta kare kanta da kanta.

Malam Kabiru:
Wa alaikumus salam. Baffa bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya san aya ta 23 da ta 24 a Suratul Isra'i ya san an gama mana wannan darasin: idan iyaye suka tsufa a hannunka, ko tsaki ba a yarda ka yi musu ba. Wace jami'a ce za ta ƙara a kan wannan?

Maman Ilham:
Uhm. Bari dai in ja bakina tukuna.

Rukayya:
Yaya, ka tsayar da ni a tsakiyar kasuwa ke nan. To bismillah. Malam Kabiru, Allah ya ƙara ilimi, ayar tana nan daram, ba wanda ya taɓa ta. Amma zancen cewa kowane Bature gidan gajiyayyu yake kai uwarsa, labari ne da muke ba junanmu. A Jamus, maƙwabciyar Holan, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu buƙatar a kula da su, waɗanda galibinsu tsofaffi ne, a gida suke, kuma mafi yawa dangi ne ke riƙe da su: mata, miji, 'ya.

Inda suka bambanta da mu shi ne tun 1995 suka kafa inshorar kulawa, ana cirar kuɗinta daga albashi kamar ta lafiya. Idan tsoho ya fara kasawa, ana zuwa har gida a duba shi. Yana iya wanka shi kaɗai? Yana iya kai kansa bayan gida? Yana gane mutane? Sai a sa shi a mataki, daga na 1 zuwa na 5. Daga mataki na 2 zuwa sama, idan dangi ne ke jinyarsa, ana ba shi kuɗi duk wata, yawanci ya miƙa wa mai jinyar. 'Yar da ta rage aikin ofis don ta zauna da uwarta, inshorar na zuba mata kuɗin fansho. Idan ta gaji ko ita ma ta kwanta ciwo, akwai kuɗin ɗauko wanda zai riƙe mata na wasu makonni.

Abin da ya fi burge 'yan ajinmu kuma wani gidan tsofaffi ne mai suna Humanitas a garin Deventer, nan Holan. Ɗalibai suna zaune a ciki ba sa biyan haya, sharaɗin kawai su ba tsofaffin awa 30 a wata na maƙwabtaka: hira, kallon ƙwallo tare, koya musu latsa waya, zama kusa da wanda jiki ya ƙi.

Sani Kubwa:
Wato abin da jikan Hajiya ke yi a Unguwar Rogo don a ba shi ragowar fura, su sai an rubuta yarjejeniya an sa hannu. Lallai.

Malam Kabiru:
Ka ga ni ba. Sun rushe gida da hannunsu, yanzu suna hayar jikoki.

Rukayya:
Wannan kam ba zan musa ba. Kaɗaici a nan gaskiya ne, na ga tsohuwar da ke yin kwalliya tun safe don kawai mai kawo magani zai ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma duk ranar da na ba su labarin wasan kaka da jika, yadda Hajiya ke kiran Abba “mijina” tana cewa ya kawo kuɗin cefane, sai su saki baki.

Amma ga abin da ya sa na ce karatun ba asara ba ne. An ba mu aiki a aji: kowa ya zaɓi gida ɗaya da ke da tsoho mai rauni, ya ja layi a takarda daga asuba zuwa asuba, ya rubuta abin da aka yi wa tsohon da sunan wanda ya yi. Ba “iyali” za ka rubuta ba, suna ake so. Ni gidanmu na ɗauka, na riƙa bugo waya ina tambaya. Gida cike da mutane, Yaya, amma sunan Anti matar Yaya Babba ne ya cinye takardar daga sama har ƙasa. Maza sun fito a layi biyu: sayen magani, da leƙowa bayan sallar isha'i a ce “Hajiya ya jiki”.

Auwal Gangare:
To maganin hawan jini da na suga a bishiya ake tsinko su? Kin san nawa ake kashewa a wata kuwa?

Maman Ilham:
Alhamdulillahi, yanzu an zo wurin. Malam Auwal, ba wanda ya raina kuɗin magani, Allah ya ƙara buɗi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Surukata ta samu shanyewar ɓarin jiki, a ɗakina take. Ku da kuke Jos kun san sanyin Disamba. Kafin kiran assalatu na hura gawayi na ɗora ruwa, don ba a taɓa ta da ruwan sanyi. In cire mata famfas, in goge ta, in wanke zanin gado da leda, in shafa mata mai a baya da ƙugu da diddige saboda gyambo. Daga ta daga gado zuwa kujera ni kaɗai, kuma Hajiya ba ƙaramar mace ba ce, bayana har yau bai koma daidai ba. Koko sai da cokali, a hankali, don idan aka yi sauri ta ƙware. Kafin nan yara sun makara, maigida yana tambayar ina shayinsa. Da dare ba na barci mai nauyi, motsi kaɗan na farka. Ɗinkin da nake yi na samu na kashewa, keken ya yi tsatsa. Bikin ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya a Bauci, a waya na gan shi.

'Ya'yanta mata suna zuwa ranar Juma'a da lemo da ayaba, su zauna a bakin gado su yi hoto, ɗaya ta shafa zanin ta ce “ya kamata a riƙa canja mata akai-akai”. Wallahi ina son matar nan, ta riƙe ni kamar 'yarta lokacin da na zo gidan ban san komai ba. Ba ƙorafin lada nake ba, na san yana wurin Allah. Amma idan maza suka zauna a majalisa suna cewa “mu ba ma yar da iyayenmu”, in ji dariya ta kama ni. Su wa ne “mu” ɗin?

Sista Rahila:
Maman Ilham, sannu. Allah ya ba ki ƙarfi. Abin da kika faɗa haka yake a Tudun Wada, haka yake a Bukuru, a gidan Kirista da na Musulmi. Mu ma tun muna yara muke haddace dokar girmama uwa da uba, amma a ɗakin jinya mace ɗaya za ki tarar.

Malam Kabiru:
Subhanallah. A nan dole in faɗi abin da ke cikin littafi ko da bai yi wa maza daɗi ba. Umarnin yana kan ɗa da 'ya ne, ba kan matar ɗa ba. Hidimar da mace ke yi wa uwar mijinta kyautatawa ce da za a gode mata, ba bashi ba ne da ake binta. Namijin da ya tura aljannarsa ɗakin matarsa ya tafi majalisa, ya sake lissafi. Sai dai wannan bai sa na canja ra'ayi ba: gyaran yana cikin addininmu, ba sai an je Holan ba.

Rukayya:
Malam, yana ciki, amma shekara nawa muna karanta ayar ba mu taɓa jan layin nan a takarda ba?

Nura Mai Shago:
Ni tsorona ɗaya. Ranar da aka fara ƙirga wa uwa awa, ranar zumunci ya mutu. Yau awa, gobe a ce a biya, jibi a ce ba kuɗi a kai ta wani wuri. Haka su ma suka fara.

Injiniya Bashir:
Nura, bari in shigo da Japan, can na yi digiri na biyu, ko da yake ba a wannan fannin ba. Mutanen nan ba Turawa ba ne, kuma wajen girmama babba ba mu fi su ba. Har hutu suke da shi na ƙasa baki ɗaya don tsofaffi, Litinin ta uku a watan Satumba. A 1980, kusan rabin gidajen da ke da tsoho a Japan, kaka da 'ya'ya da jikoki ne tare, kamar gidan su Auwal. Kuma wa ke jinyar? Matar babban ɗa, sak Maman Ilham. Yau irin waɗannan gidajen ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Ba ƙirga awa ne ya rusa su ba. Aiki ne ya kwashe matasa zuwa Tokyo da Osaka, gidajen birni ƙanana, haihuwa ta ragu, mata suka shiga aikin albashi, tsofaffi kuma suka riƙa daɗewa, mace ta kai 87 a matsakaici. Jinyar da a da take wata shida ta koma shekara goma. Sai da matan suka durƙushe sannan gwamnati ta fara inshorar kulawa a shekarar 2000, kowa daga shekara 40 yana zubawa. Yanzu kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai 65 ko sun wuce. A unguwar da na zauna, da safe motoci ke zagayawa suna ɗaukar tsofaffi zuwa cibiyar yini, a yi musu wanka da motsa jiki, su ci abinci tare, da yamma a maido su gida. Tsohon bai bar ɗakinsa ba, mai jinya kuma ta samu yini ta numfasa. Wannan ne na ce da za a yi a Jos, ko a harabar masallaci ko coci, da an rage wahala.

Nura Mai Shago:
Japan daban, mu daban. Mu yara ne suka cika ƙasar.

Injiniya Bashir:
Haka ne, rabin 'yan Najeriya ba su wuce 18 ba ko kusa da haka, masu 60 zuwa sama kuma kusan kashi 5 ne cikin 100. To buga lissafin a kan mutum fiye da miliyan 200, ai ka doshi miliyan 10. Kuma dubi unguwarku. Tun rikicin 2001 da na 2008 gidaje nawa ne 'ya'yan suka watse Abuja da Kano da Bauci, tsohon ya ce shi ba inda za shi?

Sani Kubwa:
Kamar da ni kake. Na yi dariya ɗazu amma abin yana cina. Ɗaki biyu da falo nake haya a Abuja, hawa na biyu. Na ɗauko Inna daga Jos don kada a ce na bar ta. Ni in fita tun duhu saboda cunkoson hanya, matata ma tana aiki, yara suna makaranta. Sai mu kulle ta da talabijin da abinci a kula. Gwiwa ba ta barinta sauka bene. Maƙwabta ba wanda ya san yarenta, ba mai sallama ya shigo. Matar da a gida ba a suna ko biki a layinsu sai da ita, ta koma tana ƙirga motoci ta taga. Ta rame, ta daina hira, rannan ta ce in ba so nake ta mutu a nan ba in mai da ita. Na mai da ita. Yanzu 'yar ƙanwarta ce ke kwana da ita, ni kuma ina turo kuɗi, dangi na cewa na yar da uwata.

Sista Rahila:
Ni nas ce, bari in faɗi abin da nake so irin su Rukayya su dawo mana da shi, don ba duka ne kuɗi ba.

Na farko gigin tsufa. Tsohuwa ta fara mantuwa, ta fita da dare ba ta san hanya ba, a tsince ta a wata unguwa ba ɗankwali tana sambatu. Sai yara su taru, wani ya ce mayya ce ta faɗo. An doki tsofaffi a ƙasar nan a kan haka. A gida kuma idan ta ce an sace mata kuɗi, sai a ce ta tsani matar ɗa, gaba ta tashi. Alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda suga yake ciwo. Ba a gardama da mai shi. Idan ta ce za ta tafi gidan babanta da ya rasu shekara arba'in, kada ki ce “ai ya mutu”, za ta yi kukan mutuwar sabuwa fil. Ki ce bari a sha shayi tukuna, ki tambaye ta labarin gidan.

Sai faɗuwa. Yawancin tsofaffin da ake kawo mana da karayar ƙugu a bayan gida suka zame, ko dokin ƙofa ya harɗe su da dare ba wuta. Da yawa daga wannan kwanciyar ba sa sake tashi. Masai na tsugunno ga mai ciwon gwiwa azaba ne. Kujera mai rami, ƙarfen riƙewa a bango wanda kowane mai walda zai yi da guntun bututu, fitila mai caji a hanyar bayan gida, shi ke nan. Wanda ke kwance kuma a juya shi duk bayan awa biyu. Maman Ilham, wajen ɗaga Hajiya ki shimfiɗa zani mai ƙarfi a ƙarƙashinta ku kama ku biyu, ki lanƙwasa gwiwa ba baya ba. Maigida ya kama ɗaya gefen, ba zai mutu ba.

Likitocin tsofaffi kuwa ƙalilan ne a ƙasar nan. Cibiyar farko da aka ware musu ita ce ta asibitin koyarwa na Ibadan, a 2012 aka buɗe ta.

Rukayya:
Sista, kin taɓo inda nake so in yi bincikena. Akwai wani wuri kusa da Amsterdam, Hogeweyk, da aka buɗe a 2009 don masu gigin tsufa. An gina shi kamar unguwa: gidaje, titi, kanti, wurin cin abinci. Mutum shida ko bakwai a gida, su fita su yi yawo a cikin unguwar ba mai tsare su, ma'aikata ba sa sa kayan asibiti. Kuɗi ne mai yawa, ba za mu iya ba. Amma da na duba sai na ga abin da suka kashe kuɗin su ƙirƙira shi ne layin da mai kanti ya san tsohuwar, ya san gidansu. Wannan muna da shi a Gangare kyauta. Abin da ba mu da shi shi ne mai kantin ya san ciwo ne.

Sani Kubwa:
In dai za ki dawo. Tun 2022 da Birtaniya ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi, nas nawa muka sani da suka tafi? Suna can suna wanke iyayen wasu, nasu na nan hannun 'yar aiki.

Rukayya:
Wannan tambayar ta fi ta Baffa zafi. Niyyata in dawo. Amma wa zai ɗauke ni aiki a kan wannan fannin, a kan nawa, shi ne ban da amsarsa a hannu.

Injiniya Bashir:
Doka dai akwai. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa, ofishinta na Abuja. Ni da za a bi tawa, har irin dokar Singafo ta 1995 a yi: iyayen da suka kai 60 ba su da abin riƙe kansu suna iya kai 'ya'yansu ƙara a tilasta musu ciyar da su. Indiya ma ta yi makamanciyarta a 2007.

Baba Ɗanladi:
Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙi. Na saurari kowa. Injiniya, wane uba ne a garin nan zai tsaya gaban alƙali ya ce ɗana ba ya ciyar da ni? Gara ya kwana da yunwa ya ce azumi yake. Ku bar wannan.

Na yi aikin gwamnati shekara 35. Yau idan aka kira tantancewa, mu yi layi a rana da sanduna don a tabbatar ba mu mutu ba, wani a goye ake kawo shi. Da fanshon na zuwa a kan kari, da rabin rigimar nan babu, don tsohon da ke da nasa ba ya zama kaya. Ni ban son a yi mini komai da zan iya yi da kaina. Ku bar ni in je masallaci da ƙafata ko zan yi minti ashirin a hanya. Ku bar ni in raba faɗan jikoki, in je jana'izar abokaina, a tambaye ni shawara ko ba za a bi ba. 'Ya'yana sun so su kai ni Abuja, na ce wa zan gaisa da shi a can, maigadi?

Rukayya, 'yata, ki yi karatunki. Amma takardar nan taki, ki ƙara mata layi ɗaya: abin da tsohon ya yi wa gidan a ranar. Za ki samu ba fanko ba ne.

Maman Ilham kuma, ki ba mijinki wayar nan ya karanta abin da Malam Kabiru ya rubuta.

Maman Ilham:
Baba, yana cikin zauren nan tun ɗazu. Yana karantawa, shiru kawai ya yi.

Nura Mai Shago:
Ni dai har yanzu ban yarda da biyan dangi kuɗi don sun riƙe nasu ba.

Sani Kubwa:
Baba, to ni me zan yi? In bar aikin in dawo?

Baba Ɗanladi:
Ka bar aiki ku ci me? Ka gyara mata bayan gida yadda Sista ta ce. Yarinyar da ke kwana da ita ka yanka mata albashi na sosai, ba “ga na sabulu” ba, kuma kada ka cire ta daga makaranta, Nura ya yi haƙuri. Ka sa 'yan'uwanka su karɓe ta ranar Asabar da Lahadi ta je ta ga uwarta ita ma. Kai kuma ƙarshen wata ka hau mota ta Akwanga ka zo ka kwana biyu, a ɗakinta, ba a otal ba.

Sani Kubwa:
Kuɗin motar ne yanzu, Baba. Amma na ji. Sista Rahila, ƙarfen nan a wane tsayi ake kafa shi, kuma bangon bulo na laka zai riƙe?

Sista Rahila:
Ka sa Inna ta tsaya a wurin, inda hannunta ya sauka ba tare da ta miƙa ko ta sunkuya ba, nan ne. Bangon laka ba zai riƙe ƙusa ba, sai dai a kafa bututun a ƙasa da siminti.